Mariƙin Sandar Baba Ari

Gwange, Maiduguri
Oktoba, 2024

Zuwa ga Yaya Ba'ana,

Assalamu alaikum. Wushe da aiki, wushe da ruwa. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajara da yara. Mu nan da ranmu, alhamdu lillahi. Baba Ari yana gaishe ka. Lafiyarsa lau, sai tsufa da ciwon gwiwa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wayata tana cikin kayan da ruwan dam ɗin Alau ya tafi da su, kai kuma an ce tungar da kake a bayan Ibi sai mutum ya hau bishiya kafin waya ta shiga. Ikechi, direban da ke ɗaukar banda daga Tashar Baga zuwa Onitsha, ya ce yana tsayawa a Wukari kuma ya san rumfar da kake kai kifi. Shi na ba wa.

Labarin ambaliya na san ya iso maka. Samarin unguwa ne suka goya Baba suka fitar da shi. Katangarmu ta gabas ta faɗi, littattafan 'yan ajina sun koma kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Mun raɓe a Jiddari Polo wajen dangin mijina marigayi, yanzu mun dawo muna kwashe laka. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

Sandar fatsar Baba ce. Ka tuna ranar da aka tarwatsa mu daga Doron Baga, ya bar rediyo ya bar tabarma ya ɗauki sandar nan? Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi ta faɗa a hanya, wai mutane na ɗaukar tukunya shi yana ɗaukar gora. To na tono ta a ƙarƙashin kwanon ɗakin da ya rufta. Gorar ba abin da ya same ta. Mariƙin ne, na itacen aduwar nan da ya sassaƙa tun ba a haife ni ba, ya sha ruwa ya kumbura, ya yi baƙi, fumfuna ta rufe shi. Yanzu da ya fara bushewa sai tsagewa yake yi. Na ɓoye shi a bayan akwati. Safe da yamma Baba sai ya tambaya, ina ce masa tana shan iska. Kullum zancensa idan ruwa ya janye zai koma bakin ruwa da ita.

Duk Gwange kowa ya zama masanin itace. Mai gyaran babur na ƙofar gidanmu ya ce in jiƙa shi da baƙin mai. Wata tsohuwa ta ce man gyaɗa. Onyema mai shagon fenti ya ce ba abin da ya kai banish, har ya nuna mini wani katako yana ƙyalli kamar faranti. Ni alli na sani, ban san itace ba. Kai ne ka tashi a kwalekwalen Baba, ko da yake dangantakarmu sai an bi ta kakanni kafin a gane ta. Ka faɗa mini abin da zan shafa wa mariƙin nan kada ya mutu a hannuna. Tsoro nake ji, Yaya, gaskiyar magana ke nan.

Ƙanwarka,
Kellu

Tunga, bayan Ibi
Oktoba, 2024

Kellu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo hannuna kuma na yi kuka kafin na gama ta, Hajara shaida ce. Na kira lambarki har na gaji lokacin ambaliya. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Muna lafiya, sai zazzaɓin da ba ya rabuwa da mutanen bakin ruwa. Ki durƙusa ki gaida mini Baba.

Abin da ya wanke mini zuciya shi ne jin Baba zai koma fatsa. Ashe tsohon yana nan da ƙarfinsa! Ki ce masa kifin Alau ya shiga uku.

To malama, ajiye alli ki saurara. Baƙin mai ki bar wa mai babur kayansa, yana kashe ƙwari amma hannu ba ya rabuwa da wari, kuma tsutsar da aka taɓa da shi kifi ba ya ci. Man gyaɗa yana hamami, ɓera da kiyashi su mai da mariƙin abincinsu. Shi Baba a da man kaɗe yake narkawa da kakin zuma da ɗan kitsen kifi, ya murza da tafin hannu, ya rataye a hayaƙin banda. Yana da kyau, amma aiki ne na kullum, kuma itacen da ya riga ya tsage ba zai hana shi shan ruwa ba. In ya koma ruwa da shi a haka, damina ɗaya zai rabe biyu.

Saboda haka a wannan karon Onyema ya fi tsohuwa gaskiya. Ki sayi banish irin na jirgin ruwa, ba na kujera ba. Ki bar mariƙin ya bushe sosai a inuwa, kada rana ta gan shi. Sannan ki kai wa kafinta mai hankali, ya cike tsagar da gam da garin katako, ya goge shi da samfefa har baƙin ya fita farin itace ya bayyana, don banish ba ya kama datti. Ya shafa, ya bushe, ya sake shafawa. Haka samarinmu suke yi wa nasu a nan, kuma sai gorar ta karye mariƙi yana nan.

Baba zai yi mita, ya ce ƙyalli na 'yan birni ne. Ki ƙyale shi. Da ya ciro tarwaɗa ɗaya zai manta.

Yayanki,
Ba'ana

Gwange
Nuwamba, 2024

Yaya Ba'ana,

Gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya. Ikechi ya kawo amsarka har gida, yana tsaye a zaure yana jirana, saboda haka ba zan tsawaita ba. Na gode, Allah ya bar zumunci. Mariƙin ya bushe. Gobe in sha Allahu zan biya shagon Onyema, daga nan in wuce wajen kafintan bayan masallaci. Hankalina ya kwanta.

Kellu

Wukari
Nuwamba, 2024

Kellu,

Sallama. Ban da lokacin doguwar gaisuwa, a kan buhun kifi nake rubutun nan.

Kada ki kai wa kafinta. In kin kai, ki je ki karɓo ko da ya fara.

Ikechi ya miƙo mini takardarki, muna hira sai ya ce, "Wannan baba naka, Allah ya ba shi sauƙi. Na gaishe shi, ya miƙa hannu wajen bango." Na ce wane baba? Ya ce tsohon da ke zaune a zaure, ai ba ya gani. Kellu, Baba ya makance kika rubuto mini ciwon gwiwa? Tun yaushe? Ni bare ne da za a ɓoye mini?

Ni na ba ki shawarar sandar da za ta shiga ruwa. Wannan ba za ta shiga ruwa ba, a hannu za ta zauna. Ke ba ki taɓa riƙe ta da niyyar kamu ba, shi ya sa ba ki sani ba. A jikin mariƙin nan akwai gurbin babban yatsansa, hannunsa ne ya cinye itacen a hankali tsawon rayuwarsa. A ƙasa akwai kwarin sauran yatsun. A gefe akwai ɓantare, inda ya bugu da bakin jirgi ranar da giwan ruwa ya kusa jan shi cikin tafki. Mai ido ba zai kula da su ba, zai ce lalacewa ce. Samfefa kuwa ba ta san wannan ba, duk za ta cinye.

Ki goge fumfunar da tsumma kawai. Ki shafa man kaɗe. Tsagar ki bar ta.

Na roƙi Ikechi ya juya, ya ce kifin mutane ne a motar, sai ya sauke a Onitsha ya dawo. Na sake gwada tsohuwar lambarki ko Allah zai sa, a kashe. Ban san lambar kowa a Gwange ba, kuma wannan ma abin kunyata ne. Allah ya sa kafintan nan malalaci ne.

Ba'ana

Gwange
Disamba, 2024

Yaya Ba'ana,

Assalamu alaikum. Ina gaida Hajara da yara. Ka tambayi lafiyar Baba, to wannan karon ga gaskiya: jikinsa ba ciwo, amma ba lafiya.

Kafintan ba malalaci ba ne. Motar Ikechi ta lalace a hanya, takardarka ta iso bayan banish ya daɗe da bushewa. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida, na zauna a ƙasa.

Aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Mariƙin ya fito ja jawur, santsi kamar kwalba. Kafintan yana miƙo mini yana murmushi ya ce, "Malama, har ramukan nan duk na daidaita miki su." Ni kuma na yi masa godiya, na sa masa albarka. Na rungumo sandar na taho gida ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Bayan la'asar Baba yana zaune a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, ga sandarka ta bushe." Ka ga yadda fuskarsa ta buɗe, rabon da in ga haka tun kafin ruwa. Ya miƙo hannu biyu. Ya kama. Babban yatsansa ya tafi neman wurinsa, ya zame. Ya juya mariƙin ya sake nema. Ya bi shi daga sama har ƙasa, ya dawo. Sannan ya kai hanci.

Ya ce, "Kellu, ta wa ce wannan?"

Na ce, "Taka ce, Baba. Gyara aka yi mata."

"A wace kasuwa kika samo ta?"

Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu. "Kada ki rantse. Idona ne ya mutu, hannuna yana nan."

Na kama hannunsa na ɗora a kan gorar, na ce to ji wannan. Ya ce gora duk gora ce, ya sauya ta ba adadi, mariƙi shi ne sanda. Washegari na kawo kafintan ya yi masa bayani da bakinsa. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah ya yi albarka, ashe har da shaida aka tanada.

Abin da ya zauna a ransa shi ne ruwa ya tafi da sandarsa tun ranar farko, ni kuma na yi ta yi masa ƙaryar tana shan iska har na sami wata. Ya ce rashin sandar bai yi masa ciwo kamar a mai da shi yaro ba. Tun ran nan ba ya fita zaure. In na kai abinci sai na fita yake ci. In na gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya. Kafin ambaliya kullum da yamma sai ya ɗora sandar a cinya yana shafa ta, yana ba ni labarin kifin da ya yi kowane tabo. Ni kuwa ina gyaran takardun yara ina cewa to, to, ban taɓa duba inda yatsansa yake nunawa ba.

Ka tambaye ni ko kai bare ne. Hawan jinin ido ne, ya ci idon a hankali, bara ya ƙarasa, likita ya ce ba ya dawowa. Baba ne ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya maka ba. Ya ce in ka ji za ka bar jirginka ka taho ka zauna a Maiduguri kana gadin makaho, 'ya'yanka su ci me? Na cika masa alkawari, ga abin da ya jawo. Amma kai ma kada ka ɗaga mini murya a takarda. Tun da muka bar Baga ba ka tako garin nan ba. Da ka zo ko sau ɗaya, da ba direban kifi ne zai ba ka labarin idon Baba ba.

Na faɗi abin da ke raina, ka yi haƙuri. Yanzu ka gaya mini, ana iya mayar da shi yadda yake?

Kellu

Tunga
Disamba, 2024

Kellu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Maganarki ta shige ni, gaskiya kika faɗa.

Ba zan rufe ki ba. Banish yana fita. Abin da samfefa ta ci ba ya dawowa. Kada ki yarda wani ya ce zai sassaƙa gurbin yatsa da wuƙa, Baba zai gane tun kafin ya gama kamawa, kuma a lokacin ne zai tabbata ana yi masa wasa da hankali.

Saura hanya ɗaya, ita ma ban ba ki tabbaci ba. Hannu ya rasa abin da ya sani, amma kin ce ya kai hanci. Ga ƙaramin gwangwani na ba Ikechi. Man kaɗe ne da kakin zuma da kitsen kifi, na narka yadda ya koya mini. Ki sami fasasshiyar kwalba ki kankare banish ɗin a hankali, ki bi tsawon itacen, kada ki gicciye. In ya fita, ki ɗumama man a tafin hannunki ki murza har itacen ya daina sha. Sannan ki je Tashar Baga ki roƙi masu banda su rataye miki shi a hayaƙi. Ki maimaita har ya yi duhu. Aduwar nan ta sha hayaƙi da gumin Baba tsawon shekaru, ban yarda duk ya tsaya a fatar sama ba. Wataƙila in ta ji ɗumi ta fito da warin da ya sani.

Kada ki ce masa komai in za ki ba shi. Ki ajiye a cinyarsa kawai.

Ruwa yana janyewa a nan, lokacin kamu ne, in na tashi yanzu gidan ba abinci. Da an tsagaita zan zo. Wannan karon ba faɗa ba ce kawai.

Yayanki,
Ba'ana

Gwange
Janairu, 2025

Yaya Ba'ana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kamu yana albarka. Baba ya rame, amma yana cin abinci, kuma ya koma zama a zaure.

Abin da Ikechi zai miƙo maka a naɗe cikin buhu sandar ce. Ka karanta kafin ka kwance.

Na yi duk yadda ka ce. Kwalbar ta yanke ni a yatsu, alli ma da ƙyar nake riƙewa. Matan Tashar Baga sun yi mini dariya, wai malama ta kawo itace a yi mata banda, amma sun rataye. Mariƙin ya yi duhu, ƙyallin ya tafi. Ni da kaina da na sansana sai da na tuna ɗakinmu na Doro.

Na ajiye masa a cinya kawai. Ya daɗe bai taɓa ba. Can sai ya ɗaga ya kai hanci, ya ja numfashi, ya sake ja.

Ya ce, "Ba'ana ne ya haɗa man nan."

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Kaki ya yi yawa. Kullum sai ya cika kaki, na yi faɗa har na gaji." Sai ya yi dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ya tambaye ni kai, da Hajara, da sunayen yaranka ɗaya bayan ɗaya. Rabon da ya yi mini magana mai tsawo haka tun ranar banish.

Sannan ya kama mariƙin. Na zuba wa yatsan nan ido. Ya nema, Yaya. Ya nema kamar yadda ya nema a farko, ya tsaya.

Ya ce, "Itacen mai kyau ne, aduwa ce ta gaske. Wanda ya sassaƙa ta ya san aiki." Na buɗe baki, ya riga ni. "Ki aika wa Ba'ana. Shi ne a bakin ruwa. Sabuwar sanda tana son hannun da zai daɗe a kanta, ni nawa ya gama. Ki ce kada ya sa mata man shagon nan, ya bar ta ta san shi."

Na ce to.

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Na yafe miki ƙaryar, Kellu. Na san tausayina kika ji. Tawa ta tafi da ruwa, shi ke nan, kada mu sake zancen."

Na daɗe a durƙushe. Gaskiyar tana bakina, kuma na san in na sake faɗinta zai janye hannunsa ya koma ɗaki. Sai na ce, "Na gode, Baba." Na shiga bayan gida na yi kukana inda ba zai ji ba.

Yanzu da yamma yana zaune a zaure muna hira kamar da. Hannunsa na dama yana kan gwiwa a dunƙule, babban yatsan yana motsi a kan iska. Na daina kawo takardun yara wurin, ina zama ina kallon yatsan.

Ka zo kamar yadda ka ce, kada ka jira a aiko maka. In ka zo kuma ka kama bakinka, kai da ka san kowane tabo da ke jikinta a da. Kafin nan ka rubuto masa 'yan layuka, ka yi masa godiyar sabuwar sanda. Ni zan karanta masa.

Ƙanwarka,
Kellu